Hoton Ƙwaƙwalwata a Zauren Surukina

Shekarar da soja suka tattara nasu ya nasu suka koma bariki, a shekarar ne hankalina ya tafi yawo bai yi mini sallama ba. Ina koyarwa a wata firamare a cikin garin Wudil, da matata da 'ya'yanmu biyu. In ka tambayi mutanen unguwarmu a lokacin, za su ce maka Malam ba ya son hayaniya, kuma gaskiya suka faɗa. Kunyata har ta yi yawa. In na hango surukina a bakin kara ranar Juma'a yana cinikin shanu, sai in bi ta layin masu tukwane, in yi zagaye mai nisa, don kada mu haɗa ido.

Siyasa ce ta rufa wa ciwon asiri da farko. Bakin kowa ya buɗe a garin, mai shayi ya zama mai sharhi, direba ya san wanda zai zama kwamishina. Saboda haka da barci ya ƙaurace mini, na shiga zana yadda za a ja ruwan kogi har gonakin Ɗankaza da Dagumawa, ba wanda ya ce ciwo ne. Cewa aka yi Malam ya waye. A majalisar ƙofar makaranta ni nake magana daga la'asar har magariba, ana tafa mini, har wasu na kirana kansila. Na kyautar da kekena ga wani wanda ban san shi ba saboda ya ce taswirata ta yi kyau. Na buɗe rumbu na raba gero. Daga baya na fara jin cewa mai karanta labarai a rediyo da ni yake, kuma sabon gwamna jiran takarduna kawai yake yi kafin ya fara aiki. Matata ce kaɗai ba ta tafa ba. Takan tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, "Malam, ka ɗan kwanta mana," ni kuwa in ce mata masu barci ne suka bar ƙasar nan ta lalace.

Surukina a Dagumawa yake zaune. Dattijo ne mai ƙarancin magana, matata kuma ita ce 'yarsa ta fari, don haka ko sunanta ba ya faɗa, sai dai ya ce yarinyar nan. Ni yana ce mini Malam, shi ma ba kai tsaye ba, ta bakin wani. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa wuce gindin tsamiyar ƙofar gidansa da takalmi a ƙafata ba. A nan nake tuɓewa, in tsuguna daga wajen zaure, mu gaisa yana kallon gabas ina kallon ƙasa. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba.

Wata Asabar, washegarin kasuwa, na hau bayan babur na nufi gidan da taswirata a hammata. Yana zaure da baƙi, fataken shanu, an ajiye musu tuwo. Na shiga da takalmina, na taka buzunsa na salla. Na kira shi da sunansa na yanka, da ƙarfi, yadda ake kiran tsara. Na zauna gab da shi, na sa hannu a kwanonsa na yanko loma, ina ci ina gaya masa cewa in na hau kujera zan naɗa shi mai ba ni shawara kan harkar dabbobi, ya daina wahalar da kansa a rana. Har na ce masa 'yarsa ta yi sa'ar miji, ya kamata ya riƙa gode mini. Baƙin suka tsame hannuwansu ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa ya ɗago kai ya dube ni cikin ido, karo na farko tun da muka san juna, ya daɗe yana dubana. Sannan ya juya ya ce wa wani a hankali, "A je a kira yayansa."

Mutane suna zaton mai irin wannan ciwo yana farkawa ne bai san abin da ya yi ba. Ina ma haka ne. Ni ban manta ko ɗaya ba. Miyar kuka ce, da man shanu, har yau ina jin ɗanɗanonta in na tuna, kuma in na tuna sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yayana, wanda nake bi, shi ya kai ni asibiti a Kano, mutum uku na riƙe da ni a bayan mota. Likitan da ya fara ganina ya same ni ina gardama da rediyon da ba a kunna ba. Ya yi mini allura, ya faɗa wa Yaya sunan ciwon da Turanci, sikizofireniya. Yaya manomi ne, bai riƙe sunan ba, abin da ya riƙe shi ne bayanin: ciwo ne da ke sa mutum jin muryoyi da ganin abin da babu, kuma yakan zauna tare da mutum. Kafin mu dawo Wudil maganar ta riga mu isa, ta kuma ƙara kiba a hanya. A Dagumawa abin da aka ji shi ne Malam ya yi haukan da ba ya warkewa. Surukina ya aiko mata biyu suka tafi da matata da yaran, wai ta je ta huta. Ba a ce saki ba, ba a kuma ce ranar dawowa ba.

Daminar nan gaba ɗaya a ɗakin Yaya na yi ta, fuskata na kallon bango. Maganin ya sandarar mini da wuya, yawu na zuba ban sani ba. Amma abin da ya kwantar da ni ya fi maganin nauyi. Duk ƙarfin nan da surutun suka zare lokaci guda, suka bar ni da tunanin abin da na yi. Ba na son abinci, ba na son haske, in na ji sallamar baƙo sai in ja bargo. Masallacin ƙofar gida ma na kasa zuwa, don a sahun gaba akwai waɗanda suka tafa mini.

Da muka koma asibiti wajen kaka, wata likita muka tarar, mace, mai yawan tambaya. Ta dube ni a takure a kujera, ta duba abin da aka rubuta a kaina watannin baya, ta ce wa Yaya mutumin da aka kwatanta a nan da wanda ke gabanta kamar ba mutum ɗaya ba ne. Ta ce akwai wani ciwon daban, baifola, mai ɗaga mutum sama har ya yi ta ɓarna, sannan ya sauke shi ƙasa, a tsakani kuma ya bar shi lafiya lau. In ya yi tsanani shi ma yakan sa a ji abin da babu, shi ya sa ake rikita su. Ta ce dukansu ana maganinsu, amma maganin ba ɗaya ba ne, kuma ba za ta yanke hukunci a zama guda ba.

Yaya ya ɗauki wannan magana da zafinta ya kai Dagumawa. Ya dawo da amsar dattijon, wadda har yanzu zan iya maimaita ta: "Likita biyu, magana biyu. In mai zuwa ya tafi ne, kuma yana jin magani, ba ni zan raba aure ba. In ɗayan ne, ba zan mayar da yarinyar nan ba. A zo mini da magana ɗaya."

A cikin kwanakin ne wani abokin aikina ya zo duba ni, ya ba ni labarin wata na'ura a Kano da ke ɗaukar hoton cikin kai, ta nuna ƙwaƙwalwa ɓaro-ɓaro. Tun da na kwanta ban ji abin da ya tashe ni zaune ba sai wannan. Na taɓa ganin hoton ƙashi, na ga yadda karaya ke fitowa fili har wanda bai yi boko ba ya gane. Na ɗauka haka za a yi. Za a haska, a ga ciwon a zaune da alamarsa, a ce ga shi, wannan ne ba wancan ba. Na matsa wa Yaya, na matsa wa likitar. Ta ce ba laifi a yi, don a tabbatar babu ƙari ko wani rauni a ciki, amma kada in sa rai hoton zai raba gardamar. Na ji farkon maganarta, ƙarshen kuwa na bar mata kayanta.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Ba sunan ciwon kaɗai nake nema ba. Tabo nake so a gani, ko ɗan ƙulli, wani abu da zan ɗora yatsa a kai a gaban surukina in ce, Baba, wannan ne ya shiga zaurenka da takalmi. Har addu'a na yi Allah Ya sa a ga ƙari. Mutum mai 'ya'ya biyu yana roƙon ƙari a kansa don ya samu abin nunawa.

Ɗakin na'urar sanyi gare shi kamar randa. Aka ce in cire hula, in kwanta a wani siririn gado, aka ɗaure mini goshi, gadon ya ja ni cikin wani zobe mai ƙugi. Ma'aikacin ya ce kada in motsa. Ban motsa ba, har numfashi na riƙa ɗaukewa don kada tabon ya ɓuya. Aka ba mu hoton a cikin babban ambulan, baƙin faranti mai layi-layi, kowane gida da ɗan zagayen kaina a ciki.

Likitar ta manna shi a jikin fitila ta duba, ta karanta bayanin mai hoton, ta ce, "Alhamdu lillahi, Malam. Babu ƙari, babu rauni. Lafiya lau."

Yaya ya shafa fuska yana godiya ga Allah. Ni kuwa raina ne ya ɓaci. Na ce, "Likita, a sake dubawa. Ba zai yiwu a ce babu komai ba."

"Babu abin da wannan hoton zai iya gani."

"To wanne ne a cikin biyun?"

"Ai na gaya maka ba zai faɗa ba. Da mai wannan ciwon, da mai wancan, da ni da nake zaune a nan, in aka jera hotunanmu ba lalle ka ware su ba. Masu bincike a waje suna ta ƙoƙari da na'urorin da suka fi wannan, sukan ga ɗan bambanci in sun tara mutane da yawa, amma a ɗauki mutum ɗaya a ce ga nasa, ba a kai nan ba tukuna."

Na ce, "Ke nan ni ne kawai. Ni na yi abin da na yi."

Ta ajiye alƙalaminta. Ta ce ciwo ne, ko hoto ya nuna ko bai nuna ba. Sannan ta ce abin da zai taimake ta shi ne labarin shekarun da suka wuce, daga bakin wanda ya zauna da ni a ɗaki ɗaya, ya san barcina da tashina. Yaya ya ce shi gona ta raba mu tun ina makaranta. Ta ce, "Matarsa fa?" Yaya ya ce tana gidan mahaifinta.

Yaya ya so ya je Dagumawa shi kaɗai. Na ce a'a, ba don jarumta ba, sai don na san in ban je wannan karon ba, ba zan ƙara zuwa ba har abada. Muka tafi da hantsi. Tun daga nesa na hango tsamiyar nan. Na tuɓe takalmi a gindinta, na tsuguna a inda na saba, ambulan a kan gwiwata. Dattijon yana kan buzun nan dai. Ya amsa gaisuwar Yaya doguwa, gida da gona da gajiya. Da ya zo kaina sai ya dube ni kai tsaye, ya kira sunana, ya ce, "Yaya jikin?" da irin muryar da ake yi wa yaro mai zazzaɓi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Mutumin da shekara da shekaru yake kau da kai saboda ni surukinsa ne, yau yana kallona yadda ake kallon kowane marar lafiya a hanya.

Yaya ya miƙa masa hoton. Ya fito bakin zaure ya ɗaga shi sama wajen rana, ya juya shi, ya sake juyawa. Ya ce, "Kamar an tsaga goro an jera." Sannan ya ce, "To me ya ce?"

Yaya ya buɗe baki, na riga shi. Na ce, "Bai ce komai ba, Baba."

"Bai ce wanne ba ne?"

"Bai ce ba."

"To me kuka kawo mini?"

Kaina a ƙasa na gaya masa abin da likita ta nema. Na ce ba biko na zo ba, ban isa ba. Aron ta na zo yi na yini ɗaya, ta je ta faɗi abin da ta sani, in ta gama ta dawo. Ya mayar da hoton cikin ambulan a hankali don kada ya lanƙwashe. Can ya ce za ta je, amma ƙafarsa ƙafarta, da kunnensa yake so ya ji.

Ranar da muka je, mu huɗu muka shiga ofishin. Matata ta rame. Ta zauna a gefe ta ja mayafi har goshi, ba ta dube ni ba, ba ta dubi mahaifinta ba. Likitar ta ce in tana so maza su fita. Na yi zaton za ta ce e. Sai ta ce, "Su zauna. Gara a ji gaba ɗaya."

Ta fara da murya ƙasa-ƙasa. Ta ce wannan ba shi ne na farko ba. Shekarar da ta haifi ɗanmu na fari, Malam ya tashi da aikin yaɓe, ya yaɓe gidanmu ciki da waje, ya wuce katangar maƙwabta ba wanda ya sa shi, makonni yana yi ba barcin kirki, yana waƙa. Unguwa ta yi ta sa masa albarka. Bayan nan ya yi watanni in ya dawo daga makaranta sai kwanciya, ba ya ɗaukar jaririn, ba ya magana, ita kuma ta ce wa mutane ciwon shawara ne ya kama shi. Ta ce an sake yin irin haka bayan 'yan shekaru, ƙarami, lokacin da ya sayo kaji fiye da abin da gidan zai ɗauka. Ni duk na san waɗannan abubuwa, amma ban taɓa jera su a layi ɗaya ba. A wurina shekarar yaɓe shekarar ƙwazo ce. Ina zaune ina jin rayuwata daga bakin matata, a gaban mahaifinta.

Likitar ta ce, "A tsakanin waɗannan lokutan fa? Yana jin muryoyi? Yana zargin mutane?"

Ta ce, "A'a. A tsakani Malam ne, yadda kowa ya san shi. Ko tsawa ba ya yi wa yara."

Likitar ta yi rubutu mai tsawo. Ta ce abin da ta ji ya fi kama da mai hawa da sauka, za ta canza magani, ta ci gaba da ganina, kuma duk ranar da barci ya fara guduna a kawo ni kafin a kai ga taswira. Surukina ya ce, "Tabbas ne, likita?" Ta ce, "Baba, ba ni da hoton da zan nuna maka. Abin da 'yarka ta gani da idonta shi ne hujjata, lokaci kuma zai ƙara nuna mana. Zai iya dawowa, ba zan ɓoye maka ba. Amma in yana shan magani, da yawa suna zaune da iyalinsu suna aikinsu."

Dattijon ya juya wajen 'yarsa, bai dube ta sosai ba. Ya ce, "Ashe kin san da wannan tun tuni."

Ta ce, "Na sani, Baba."

"Kika zauna."

"Na zauna."

Muka fito. A motar haya shi da Yaya suna gaba, ita tana can baya cikin mata, ni ina tsakiya da ambulan ɗin da ban san abin da zan yi da shi ba. Har yau yana saman kwabata. Ciwon kuma ya dawo bayan nan, ba sau ɗaya ba, sai dai bai ƙara kai ni zauren kowa ba. Amma a ranar ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da na sani shi ne in mun haye gada mun shiga tasha, ni da Yaya za mu sauka mu nufi gida, su kuma su nemi motar Dagumawa.

Muka haye gadar, masunta na ta harkarsu a ƙasa. A tasha muka sauka gaba ɗaya. Matata ta ɗauki jakarta ta tsaya a bayan mahaifinta. Ni na tsaya nesa kaɗan, ina jiran ya kira sunana ya ce Allah Ya ƙara sauƙi.

Bai kira ba. Sai ya yafito Yaya, ya yi masa magana, amma da ƙarfin da zan ji. Ya ce, "Ka gaya wa Malam, yarinyar nan ta wuce ɗakinta. Gobe a kawo yaran. Ka ce masa kuma ya riƙe maganinsa."

Ban san lokacin da na tuɓe takalmina ba. A nan tsakiyar tasha, cikin ɓawon rake da baƙin mai, 'yan kamasho na kallo, na tsuguna na ce, "Na gode, Baba. Allah Ya ƙara girma." Na ɗan saci kallonsa ta ƙasan ido. Ya kau da kai, yana kallon gabas.